Jikina yana rawa in zan yi magana a gaban mutane, ga difens ya matso

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a jami'a, saura sati uku mu yi difens na furojet, wato mu tsaya gaban malamai mu kare binciken da muka rubuta na kammala karatu. Matsalata ita ce, da an kira sunana in fito gaban jama'a sai gabana ya yanke ya faɗi, bakina ya bushe, muryata ta riƙa rawa, abin da na haddace duk ya gudu. Muna aji biyu na taɓa tsayawa cak a tsakiyar bayani, tun daga ranar in an ba mu aikin rukuni ni ce mai rubutawa, wata ta tashi ta gabatar. Wata ƙawata ta ce akwai ƙwayar da ake sha a samu natsuwa. Don Allah ki ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sati uku ya isa, in kin fara yau. Sai dai tun farko ki cire rai da cewa tsoron nan zai tafi gaba ɗaya kafin ranar. Ba zai tafi ba, kuma ba sai ya tafi za ki yi abin kirki ba. Na daɗe ina zama a kujerar masu sauraron difens, kuma ɗaliban da suka fi burge ni da yawansu takarda tana karkarwa a hannunsu suka fara.

Abin da ke samunki ba ciwo ba ne, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba. A shekarar 1993 wasu masu bincike a Jami'ar Trier da ke Jamus, Kirschbaum da abokan aikinsa, suka nemi hanyar da za su tayar wa lafiyayyen mutum hankali a ɗakin gwaji, don su auna abin da ke faruwa a jikinsa. Dabarar da suka fito da ita, wadda har yau ake amfani da ita, ga ta: a tsayar da mutum a gaban wasu alƙalai da aka umarta kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai, ya yi minti biyar yana bayanin dalilin da ya sa ya cancanci a ɗauke shi aiki, sannan ya yi minti biyar yana lissafi da ka, yana cire 13 daga 1022 yana yin ƙasa, in ya kuskure a ce ya koma farko. Ba duka, ba zagi, amma bugun zuciyar yawancin mutane yakan hau, sinadarin damuwa da ake kira kotizol ya ninka a jikinsu. Ki duba siffar wannan gwaji, ki duba ɗakin difens: manya a zaune sun tsuke fuska, ke kaɗai a tsaye, ana auna ki. Wato tsarin difens ɗin kansa shi ne irin yanayin da masana suka tabbatar yana kaɗa hantar ɗan Adam. Da jikinki bai motsa ba, shi ne abin mamaki.

Shi jiki ba ya bambanta barazanar kura da barazanar kunya. Wani likita a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan tun 1915. Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai a saki sinadarin adirinalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ga manyan tsokoki, shi ya sa tafin hannu yake sanyi. Aikin narkar da abinci ya tsaya, yawu ya ƙafe, ciki ya murɗa, wani har sai ya nemi banɗaki. Tsokoki su ɗaure suna jiran gudu ko kokawa, ke kuma kina tsaye wuri ɗaya, sai ƙarfin ya fita ta hanyar karkarwa, har da tsokar maƙogwaro, muryar ta yi rawa. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, wannan tashin ya fi tsanani ana gab da kiran suna da kuma minti na farko. In mutum ya ci gaba da magana, yakan sauka da kansa. Masu tsayawa cak galibi a wannan mintin suke yanke hukuncin cewa sun lalace, alhali da sun daure kaɗan da abin ya lafa.

Kuma mutanen da ke gabanki ba sa ganin rabin abin da kike ji. Ke ce kike jin dukan zuciyarki a kunne, su ba sa ji. Wasu masu bincike, Savitsky da Gilovich, sun gwada wannan a 2003: masu jawabi sun ɗauka fargabarsu ta fito fili fiye da yadda masu sauraro suka gani, kuma waɗanda aka sanar da hakan kafin su tashi, jawabinsu ya fi kyau a idon masu sauraro. Saboda haka kada ki fara da "ku yi haƙuri, na ɗan rikice". Kin nuna mana abin da ba mu lura da shi ba, kin kuma ƙara tabbatar wa kanki.

Yanzu zan yi miki tambayar da nake yi wa kowane ɗalibi, kada ki ji haushi. Ke kika yi aikin nan? Ke kika raba takardun tambayoyi, ke kika zauna kika fitar da sakamakon? Tsoro iri biyu ne. Akwai na wanda ya san abu amma idon mutane yana daburta shi, akwai na wanda ya kai kuɗi shagon kwamfuta aka haɗa masa babi biyar. Na biyun ba shi da magani a numfashi ko addu'ar neman natsuwa, domin tsoronsa gaskiya yake gaya masa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga yadda kika ce ke ce mai rubuta wa rukuninku aiki, na fi zaton kina cikin na farko. Amma ko da wani ne ya taya ki lissafin babi na huɗu, wanda ba laifi ba ne, ki koma wurinsa a satin nan ya zaunar da ke, har sai kin iya faɗin abin da kowane jadawali yake nufi da bakinki. A nan aka fi kama ɗalibai.

Sai maganar shiri, inda nake ganin asalin matsalarki take. Kin ce abin da kika haddace yana gudu. Hadda kalma bayan kalma ita ce mafi raunin shiri ga mai fargaba, saboda kowace jimla tana rataye da wadda ta gabace ta, in ɗaya ta ɓace sauran sun bi ta. Sannan fargaba tana cinye wani ɓangare na hankalin da kike tunani da shi, rabi yana neman kalmar da ta ɓace, rabi yana leƙen fuskar eksitanal, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya auna ɗalibai. Abin da za ki riƙe shi ne hanya, ba kalmomi ba: mece ce matsalar, me ya sa ta dame ki, wa kika tambaya kuma ta yaya, me kika samu, me kike ba da shawara. In kin san hanyar, ko kalma ta gudu wata za ta zo. Abin da kawai na yarda ki haddace tsaf shi ne jimloli uku na farko, gaisuwa da suna da taken aiki da matsalar da kika bincika, don su ɗauke ki su tsallakar da ke mintin nan mai wuya ba tare da kin yi tunani ba. Ki haddace jimlar rufewa ita ma, don kada ki ƙare da "shi ke nan" cikin sanyin murya.

Kuma karanta furojet a zuci, kina kwance a kan katifa, ba shiri ba ne. Ki tuna makarantar allo. Ba a cewa yaro ya iya don ya kalli allonsa sau goma. Sai ya kife allon, ya ɗaga murya, ya biya a gaban malam, inda ya tsaya a gane nan ne bai zauna ba. Masana sun auna wannan. A binciken Roediger da Karpicke na 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun tuna kashi 40 cikin ɗari bayan mako guda, waɗanda suka karanta a zama ɗaya suka rufe suka yi ta ƙoƙarin tunowa kuwa sun tuna kashi 61. Abin lura, masu maimaita karatun su suka fi jin cewa sun iya. Haka ɗalibi yake shiga ɗakin difens da tabbacin ya shirya, sai ya buɗe baki ya tarar bai taɓa furta maganar da ƙarfi ba ko sau ɗaya.

Ga yadda nake so ki yi. Ki fara da Hausa. Ki samu Umma ko wata yayarki da ba ta karanta fanninki ba, ki yi mata bayanin aikinki cikin minti biyar, ba takarda. In ta ce "ban gane ba", to wurin ne ke ma ba ki gama ganewa ba, Turanci ne kawai ya rufa miki asiri. Da yawa daga abin da ɗalibanmu suke kira tsoron jama'a, rabinsa tsoron kuskuren Turanci ne, kada a yi ɓari a yi dariya. In ma'anar ta zauna a harshenki, mayar da ita Turanci ba wuya. Ki yi gajerun jimloli. Babu malamin kirki da zai kayar da ɗaliba don ta saki harafi ɗaya ko don lafazinta na Bahaushiya ne, amma muna rage maki in muka ga ana jero manyan kalmomi ba a san inda aka dosa ba.

Bayan nan ki tashi tsaye a ɗaki, ki kunna agogon waya, ki yi shi da Turanci da murya sosai. Ki tambayi sufabaizanki, malamin da ke duba aikinki, minti nawa ake bayarwa a sashenku. In goma ne, mai magana a natse kalmomi wajen 130 yake yi a minti, kin ga abin da za ki faɗa duka bai wuce shafi huɗu ko biyar ba. Ɗalibai sukan ƙone minti shida a kan gabatarwa da bitar ayyukan magabata, sai a ce musu saura minti biyu alhali ba su taɓa sakamako ba, daga nan sai gudu da ruɗewa. Mu kuwa abin da muka zo ji shi ne babi na uku da na huɗu, me kika yi, me kika gano. Ki ba su fiye da rabin lokacin. Ranar ta uku ko ta huɗu ki jingina waya ki ɗauki kanki a bidiyo. Kallon farko ba daɗi, kowa haka yake ji, amma za ki ga abu biyu: ba ki kai yadda kike zato muni ba, kuma akwai ɗabi'a ɗaya ko biyu da za ki gyara, kamar wasa da bakin hijabi ko yawan "am, am".

Sati na biyu ki fara tara mutane, kuma wannan shi ne ainihin maganin. Tun aji biyu kike guje wa tsayuwa, kuma duk ranar da wata ta tashi a madadinki kin ji sanyi a ranki, sai ƙwaƙwalwarki ta rubuta cewa guduwar ce ta cece ki. Haka tsoro yake ƙiba. Ba ya ramewa sai an shiga abin da ake tsoro an fito lafiya, an sake shiga. Ki fara da ƙawa ɗaya, sai uku, sai ki haɗa da mazan ajinku waɗanda kike jin nauyinsu, sai wani ɗalibin digiri na biyu. Ki roƙe su su ɗaure fuska, su katse ki, su yi miki tambayar da ba ki so. In da hali ku je ainihin ɗakin da za a yi difens ɗin da yamma in ba kowa, ki tsaya inda za ki tsaya, ki ji yadda muryarki take kaiwa bango. In kin kakare a tsakiya kada ki koma farko, ki ci gaba daga inda kike, don farfaɗowa bayan tuntuɓe ita ma aba ce da ake koyo, kuma ita ce ba ki samu kin koya ba a waccan ranar.

Game da silayid, wato shafukan da za ki haska a bango, kada ki kwafe furojet ki zuba a PowerPoint. Goma zuwa goma sha biyu sun isa, kowanne da magana ɗaya, jadawali ya fito manya. Wanda ya cika silayid da rubutu ƙarshensa ya juya wa mutane ƙeya yana karantawa. Ki buga su a takarda, naki ɗaya na malamai biyu ko uku, kuma ki gwada yin bayanin sau ɗaya babu majigi sam, domin ana iya ɗauke wuta kina tsaka da magana. Ɗalibar da wuta ta ɗauke ta ci gaba kamar ba a yi komai ba, ta gama samun makinta a wurina.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu 'ya'yan Hausawa mata. An rene mu a kan kada a haɗa ido da babba, kada a ɗaga murya a gabansa, in ana magana a sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau, ba zan ce ki yar da ita ba. Amma a ɗakin difens su manyan ne suka ce ki zo ki yi musu bayani, don haka ladabin wurin shi ne su ji ki ba tare da sun ce "ɗaga murya" sau uku ba. In haɗa ido ya yi miki nauyi, ki fara da kallon goshi, ki ɗan daɗe a kan mutum ɗaya har ki gama jimla, sannan ki koma kan wani. A kowane zama akwai mai gyaɗa kai, ki neme shi da wuri. Sunkuyar da kai yana da wata illa da ba a lura da ita: in ba ki kallon mutane, sai zuciyarki ta zana miki fuskokinsu, kuma kullum zanen ya fi gaskiyar muni. Masanan halayyar ɗan Adam Clark da Wells sun nuna tun 1995 cewa mai tsoron jama'a yakan juyar da hankalinsa kacokan kan kansa, yaya muryata, an ga gumina, kuma wannan sa idon shi yake rura wutar. Maganinsa ki ba hankalin wani aiki a waje: shin wancan malamin ya gane jadawalin nan?

Shi ya sa nake son addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna. Ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a warware ƙullin harshensa, sannan ya faɗi dalili: don su fahimci maganarsa. Bai roƙi ya burge kowa ba. Ki karanta ta, ki kuma ɗauki niyyar da ke cikinta. Kin yi wata da watanni a kan wani abu da mutanen ɗakin ba su san shi kamar ke ba, aikinki ki fahimtar da su.

Ranar kanta, ba a fafe gora ranar tafiya, kada ki kwana kina gyara silayid. Ki yi barci, ki karya da abu mara nauyi, kada ki shiga da yunwa. Ki rage shayi mai kauri, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari, duk suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Ki je da wuri da ruwanki a gora. Kina jiran layi, ki guji zugar masu "an ce eksitanal ɗin nan mugu ne". Ki ɗan taka a baranda don ƙarfin da ya taru a ƙafa ya samu mafita. Sannan numfashi: ki ja ta hanci kina ƙirga huɗu, ki saki a hankali ta baki kina ƙirga shida ko takwas, na minti biyu. Sakin ne mai aikin, domin zuciya tana rage gudu a lokacin fitar da numfashi. Masu cewa "ja dogon numfashi" su sa mutum ya yi ta zuƙa da sauri, jiri kawai suke jawo masa. Kuma kada ki yi ta ce wa kanki "ki natsu, ki natsu", jikin da adirinalin ya cika ba ya jin wannan umarni. Alison Wood Brooks ta Harvard ta gwada a 2014, waɗanda suka ce wa kansu suna ɗoki kafin jawabi sun fi waɗanda suka ce sun natsu gamsar da masu sauraro. Ɗoki da fargaba bugun zuciyarsu ɗaya, sauya wa abin suna ya fi sauƙi a kan kashe shi.

In kan ya ɗauke kina tsaka da magana, ki yi shiru, ki kurɓi ruwa, ki dubi silayid ki faɗi abin da ke kansa. Shirun daƙiƙa biyar a wurinki kamar shekara ne, a wurinmu kuwa ɗaliba ce take tunani.

Lokacin tambayoyi ki riƙe biro da takarda. Ki bari a gama tambayar, kada ki tari numfashin malami. In ba ki gane ba ki ce a maimaita, ba aibi ba ne. Yawancin tambayoyin ana iya hango su tun daga gida: me ya sa kika zaɓi wannan batu, me ya sa wannan adadin mutane, ta yaya kika zaɓe su, me ya sa wannan hanyar lissafi ba waccan ba, mene ne sabon abin da aikinki ya ƙara, ina rauninsa. Ki rubuta amsoshinsu ki biya su da baki. In an tambayi abin da aikinki bai taɓo ba, ki ce bincikenki bai kai nan ba, ga dai abin da kika samu a kusa da shi. Wannan ya fi kame-kame daraja nesa ba kusa ba. In an yi gyara, ki rubuta ki yi godiya. Kusan ba a fita difens ba gyara, kuma wani zafin da za ki ga malami yana yi, da sufabaizanki yake ko da abokin aikinsa, ba da ke ba. In kuma kina da hujja, ki faɗe ta cikin ladabi, ki nuna shafin. Sunan abin kare aiki.

Maganar ƙwaya kuwa, kada ki karɓi komai daga hannun ƙawa. Wadda aka fi nufi ita ce furofanolol, maganin hawan jini da zuciya ne, yana rage bugun zuciya da karkarwa, kuma likitoci sukan rubuta shi wani lokaci saboda irin wannan. Amma yana iya toshe numfashin mai asma, yana iya faɗar da jinin wanda jininsa ke ƙasa, yana kuma ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai ciwon suga. Likita ne zai auna ki ya yanke, kuma ba a fara gwada shi ranar difens. Su baliyam da danginsu suna kawo barci su dusashe tunani, daidai abin da kike bukata a ranar. Tiramol da kodin kuwa (a 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin), 'yan mata da yawa da "don in samu ƙarfin hali" suka fara su. Kada ki kusance su.

In kuma kin lura abin ya wuce tsayuwa gaban aji, wato kina ƙin cin abinci a gaban mutane, kina fasa zuwa lakca ko biki, kina kwana ba barci makonni kafin ƙaramin taro, ko numfashinki yana sarƙewa har ki ji kamar mutuwa za ki yi, kuma an ɗauki watanni a haka, to wannan lalura ce da likitoci suka sani, kuma tana jin magani, musamman zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam wanda zai bi da ke mataki mataki. Ki fara da asibitin makarantarku ko ofishin ba da shawara ga ɗalibai. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen, haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma kina iya farawa tun kafin difens ɗin, ba sai kin jira ya wuce ba.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi a gama lafiya.